Namijin Dabinon da Na Sare

Sana'ata fenti ce, ita na yi har gwiwoyina suka daina yarda da tsani. Shekara biyu ko uku kafin dubu biyu, wasu magada suka ba ni aikin wani tsohon gida a bayan Madina, can gaba da Ƙuba inda kwalta ta ƙare. Kakansu ne ya gina shi da baƙin dutse, rufinsa azara, tagoginsa na katako. Lambu ya kewaye shi: dabino ashirin da wani abu, magarya, lemun tsami, lalle a bakin katanga, da rijiya mai inji. Sun sa gidan a kasuwa. Babbansu ya miƙo mini mukulli ya ce in shafe ɗakunan, in gyara lambun, in ma ina so in kawo iyalina mu zauna har a sayar. Ya ce akwai wanda ya taya, amma ya gindaya sharaɗi: ba zai saya ba sai ya ga dabinon ya yi 'ya'ya a wannan shekara.

Mu da muke cushe a ɗaki biyu a unguwar Ƙurban! Kafin in rufe baki matata ta ɗaure kaya. 'Yan matanmu uku suka faɗa kwamin ban-ruwa da rigunansu tun ranar farko. Kullum da la'asar a shimfiɗa tabarma a gindin magarya, a dafa shayi da na'ana'ar da aka tsinko nan take. Surukata ma ta biyo mu. Tun tana budurwa ta zo aikin Hajji daga wajen Bilma, ƙasar dabino, ta zauna. Kunya muke yi ni da ita, irin ta da. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ko a tabarma ɗaya muke sai ta bi ta kan 'yarta.

A tsakiyar lambun akwai wani dabino mai kauri, duk ƙaya, ya tare gidan ba a ganinsa daga ƙofa. Na duba shi sama da ƙasa ban ga alamar ya taɓa haihuwa ba. Na aro zarto mai inji.

Surukata ta ce da matata, "Gaya wa mai gidanki ya bar wancan."

Na ɗaga murya don ta ji, na ce, "Gaya wa Inna ni aka ba amanar lambun nan. Itacen da ba ya haihuwa me zai tsinana mana?"

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbi. Na kayar da shi, har ina jin daɗin yadda gidan ya fito fes. A Madina aka haife ni, dabino nake ci kullum, amma ban taɓa tambayar yadda yake samuwa ba.

Da sanyi ya fara ja baya, kawunan dabinon suka fitar da huda. Matata ta same ni ina kwaɓa fenti ta ce, "Inna ta ce fahal ka sare." Na ce mene ne fahal? Ta ce namiji. Shi kaɗai ne a lambun, da garin furensa ake haɗa matan, in ba a yi ba 'ya'yan zubewa za su yi. Ashe abin da ya hana tsohuwa bayani ke nan: zancen namiji da mace ba ya faɗuwa a gaban suruki. Na zauna a kan bokiti. Me zan ce da magada?

Inna ba ta jira ni ba. Ta yafa mayafi ta ja 'yarta, suka bi lambunan maƙwabta ƙofa ƙofa suna roƙo. Suka dawo da furen namiji naɗe a tsohuwar jarida. Saura mai hawa, kuma babu wani namiji a gidan sai ni.

Tsani na sani, dabino dabam ne. Na ɗaura igiya a ƙugu na hau, ƙaya na tsire mini hannu. Inna tana ƙasa tana ba da umarnin yadda zan cusa furen namijin cikin hudar matan.

"Gaya masa sili uku, ya juya kansu ƙasa."

"Ta ce uku, ka juya kansu ƙasa!"

"Ai na ji!"

"Inna, ya ce ya ji."

"In ya ji ya ɗaure da ganye. Kada ya shaƙe, ba buhu ba ne."

'Yan matan kuwa sai dariya, suna yi mini ihu da Larabci wai kada in faɗo a kan butar shayi. Har Inna na hango tana rufe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Kwana goma muka yi a haka, bishiya biyu ko uku a yini. Ban taɓa shan wuya ina jin daɗi kamar kwanakin nan ba. Abin da ke cina har yau shi ne ban ba ta haƙuri ba, ko ta bakin 'yarta. Na fake da kunya, alhali girman kai ne, har Allah Ya karɓi abarsa.

Da zafi ya kankama mai saye ya zo tare da babban magajin. Nonnan dabino sun rataya ko'ina, wasu ja, wasu rawaya. Ya zaga lambun kaf, ya tsinki ɗaya ya ci, sannan ya tsaya a kan kututturen ya ce, "Ina fahal ɗinku?"

Na ce, "Ni na sare shi, da jahilci." Na ba su labarin tun daga zarto. Magajin ya watsa mini harara, mai sayen kuma ya yi dariya har ya dafa magarya. Ya ce lambun da ya haihu haka ba namiji, shi ya saya, zai dasa wani. Ya ce mu ɗebi na fari kafin mu tashi.

Ranar Alhamis na mayar da mukulli. Muka koma Ƙurban da kwali huɗu na ɗanyen dabino, muka bi maƙwabtan benenmu hawa hawa muna rabawa.