Hanyar da Masu Awo Suka Sare

Ran nan da sassafe ina bakin ɗaki ina ba jaririna nono. Uwar mijina tana dafa mini ruwan wanka, 'yata Ladi tana kwasar toka. Mijina ya tafi gonar doya. Garinmu ƙarami ne, a gindin dutse, tafiyar yini daga Gwagwalada.

Bari in gaya muku wani abu tukuna. A saman dutsenmu akwai kogo. Tun zamanin hare-hare can kakanninmu suke ɓuya. Kurmi ya rufe bakinsa, kuma ba a nuna wa baƙo. Damina biyu kafin ranar, masu awon ƙasa suka zo zana taswira. Suka ɗauki mazanmu aiki, aka sare kurmin ɗoɗar har ƙololuwa, aka kafa turken siminti. Takardarsu ta ba mutanen tsallaken rafi fadamarmu. Mu kuwa muka ƙi tashi.

Da hantsi na ji ƙaho. Sai bindigar toka, sau biyu. Karnuka suka ɗauki haushi. Hayaƙi ya tashi daga rumbunan gabas.

Mai gari ya ɗaga murya: "Mata da yara, kogo!"

Ba wanda ya tsaya tunani. Ƙafa ta san hanya. Na goya yaron, na kama hannun Ladi, uwar mijina tana biye, muka hau.

Rana tsaka muna ciki, mu wajen talatin. Na leƙa ƙasa. Hanyar da aka sare ga ta nan a fili, kamar tsagar kitso. Mazan tsallaken rafi suna hawowa ta cikinta, ko sawu ba sa nema.

Uwar mijina ta ce, "Ku fita ta baya."

Bayan kogon tsaguwa ce, sai mutum ɗaya-ɗaya, a kaikaice. Na tura Ladi gaba. Goyo ya hana ni shiga. Na kwance shi, na miƙa wa tsohuwa, na matsa na wuce. Na juyo, na miƙa hannu. Bindiga ta tashi a cikin kogon. Na baya suka danno, suka ingizo ni waje. Na kira uwar mijina. Na sake kira. Hayaƙi kaɗai ya biyo tsaguwar.

Muka gangara cikin ƙaya. Da la'asar muka faɗa rugar wasu Fulani, suka ba mu ruwa da tabarma. Nonona yana zuba, zanena ya jiƙe sharkaf.

Bayan kwana uku mijina ya same mu. Ya dubi bayana. Ya ga babu goyo.

Daga gidanmu mu huɗu muka hau, mu biyu muka sauko. Yaron kwanansa shida a duniya. Ba a kai ga raɗa masa suna ba.