Azarar Sale Ƙadangare

Duk wanda ya san Yaya Sale Ƙadangare ya san bai iya gaisuwa da baki kaɗai ba. Kana miƙa masa hannu sai ya wuce hannun, ya cafki gefen cikinka da yatsu biyu, ya murza kamar mai taya rago a kasuwa, sannan ya ce, "Wannan fa? Wa zai ɗaukar maka?" Bai bar kowa ba. Har liman ya yi wa, a ƙofar masallaci, shekarar da liman ya dawo daga Hajji ya yi ɓul-ɓul. Dattawa suka hau salati. Liman ya ce, "Sale, ni'imar Allah ce." Ya ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam. Sai dai ni'imar ta taru a wuri ɗaya."

Taubashina ne, ɗan goggona, ya girme ni da shekara bakwai. Sana'arsa hawan dutsen nan na bayan gari. Ku yaran yanzu kuna ganin dutsen kamar ado ne, to a da shi ya ciyar da gida biyu. Fuskarsa ta gabas a miƙe take kamar bango, a tsakiyarta akwai kogon jemagu. Kashin jemage taki ne da masu albasa na fadama ke rububinsa, wani lokacin kuma a samu zuma a gefen kogon. Amma bakin kogon 'yar tsaga ce, sai mutum ya fitar da numfashinsa duka ya shiga a karkace. Shi ya sa Yaya Sale ya ɗauki kitse abokin gaba. Yakan ce, "Dutse ba ya jin magiya. Abin da ka ci jiya shi zai tambaye ka yau."

Ni ne mai riƙe masa igiya. Nakan zaga ta baya, ta hanyar awaki, ina haki, in hau can ƙololuwa in zauna a wani kwarmi in tokare ƙafafuna. Igiyar rama ce, baki ɗaya a ƙuguna, ɗaya a nasa. Shi kuma ya taso daga ƙasa ba takalmi, da yatsun hannu da na ƙafa, ina janye igiya a hankali. In ya zame, nauyina ne kawai tsakaninsa da ƙasa. Don haka dokarsa biyu ce: mai hawa ya zama kara, mai riƙo ya zama turmi. Tun daga nan sunana Ado ya ɓata, har matata Turmi take ce min in ta ji haushi.

Kai, na ci daɗi a hannun mutumin nan! Ranar layya zai zauna da akushi a gabansa yana tsince kitse ɗaya bayan ɗaya yana jefowa a nawa. In na ce na ƙoshi, ya zare ido: "Ci, Turmi! Raina kake ci wa." Wata rana ya zame daga kusa da bakin kogo, igiya ta fizge ni har haƙorana suka haɗu, amma ban motsa ba. Can sai na ji muryarsa daga ƙasa yana lilo.

"Turmi, kana nan?"

"Ina nan, Yaya."

"Kamar tauna nake ji."

"Gyaɗa ce. Ai aikin nake."

"Madalla. Kar ka tsaya."

Matarsa Hansai ita ta fi kowa shan wahalarsa. Mata suna ta yi mata gori a gidan biki, wai miji kamar sillen kara, ko ba ta iya tuƙa tuwo ba ne? Da abin ya ishe ta sai ta fara binne masa man shanu a ƙarƙashin malmala. Ta manta da rumbu. Shi da hannunsa ya gina rumbun gidan, ya bar rata tsakaninsa da katanga daidai faɗin tsagar kogon, kullum da safe sai ya ratsa ta nan kafin ya karya. Bayan sati uku, ran nan ya shiga, maɓallin rigarsa ya ɓalle. Ya tsinto shi, ya kai mata har madafi a tafin hannu.

"Hansai, me kike sa min a tuwo?"

"Me fa? Kuka da daddawa."

"Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin kuka ta ɓalle maɓalli ba."

Wata guda cur muna musayar akushi, ni in ci nasa, shi ya ci nawa. Allah ya sani ban yi ƙorafi ba.

To sai maganar azara, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. Bai yarda da ido ba, bai yarda da sikelin 'yan gyaɗa ba, wai mai sikeli da babban yatsansa yake awo. Sai ya sassaƙa azarar giginya, ya kifa tsohon turmi a ƙofar gida ya ɗora ta a kai. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shi ya zauna a baki ɗaya rungume da rabin buhun yashi, madadin takin da zai ɗauko, ni in zauna a ɗaya bakin. Dole in ɗaga shi sama ƙafafunsa na reto. In azara ta yi jinkirin sauka ta wajena, sai ya buga cinya ya ƙwala kira cikin gida: "Hansai! Turmi ya zube! A ƙara masa!" Rabin gari kan taru kallo. Har masu tallan ƙosai sun san wurin.

Ga laifina. Wata Juma'a na zauna ban kai ƙarshen azarar ba, don wani sartse da ke cizona a can, sai na ga azarar ta ƙi sauka. Aka ƙara min tuwo sati guda. Af! Ashe in na matsa ciki da taƙin hannu ɗaya nauyina raguwa yake. Ban yi boko ba, allona ma a izu biyar ya tsaya, amma wannan karatun na gane shi nan take. Daga ranar, duk lokacin da na yi marmarin man shanun Hansai sai in baza riga in matsa ciki. A shekarun ƙoshi wasan taubasai ne, ko ya kama ni dariya za a yi.

Sai shekarun nan suka zo. Damina biyu a jere gero ya bushe yana tsaye, bai fitar da kai ba. Aka sayar da awaki, aka sayar da ƙofofi, aka koma tafasa da yaɗiya da dusa. Wanda ya samu garin kwaki ya jiƙa, ranar sallarsa ce. Ƙudan zuma suka bar dutsen. Jemagu ne kawai ba su guje mu ba, masu albasa na bakin dam kuma suna bayar da dawa tiya-tiya a madadin taki. Da wannan gidansa da gidana suke numfashi. Muna raba dawar biyu daidai, amma shi bakuna uku ne a gidansa, ni bakwai.

Ban daina matsawa ba. Wannan karon ba taƙi ɗaya ba, har biyu. Shi kuma duk Juma'a ya dubi azara ya girgiza kai, ya shiga gida ya fito da kwanon dawa daga rabonsa. Babu mai kallo yanzu, babu ƙosai, mu biyu ne da turmi. Ya ce, "Ungo. Mai riƙo ba ya zubewa." In ce, "Kai fa, Yaya?" Ya ce, "Ni gaba ta kai ni. Jiya na shiga kogo ban ko karkace ba." Yana faɗa yana dariya, ni ma in taya shi. Amma ni ke riƙe da igiya, na san abin da hannuna ke gaya min. Hawan da yake yi kafin in gama cin gyaɗa tafi guda, ya koma sai ya tsaya sau uku, goshinsa a jingine da dutse. Ina jin rawar jikinsa ta cikin igiya. Juma'a ta zagayo, in sake matsawa. Astagfirullah.

Kunya ce ta kore ni, ba yunwa ba, ko da yake yunwar na ce wa mutane. Na ji ana neman 'yan dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, na je na sami Yaya Sale yana murza sabuwar igiya. Na ce zan je in dawo bayan kaka. Bai ɗago ba. Ya ce, "Wa zai riƙe ni?" Na ce ga Garba mahauci, ya fi ni jiki. Ya ce, "Garba hannunsa maiƙo. To, bayan kaka."

Allah ya kawo ruwa a shekarar, gari ya farfaɗo. Ni kuma daga dako na koma awo, daga awo na samu rumfa, na kwashe iyalina. Kaka ta zo ta wuce sau ashirin da wani abu.

Yaya Sale bai sake hawa ba. Ba don an rasa masu jiki ba, ƙarti sun zo da kansu. Duk wanda ya ɗora a azara sai ya samo masa aibu. Wannan ƙibarsa ta ruwa ce. Wancan yana da tari, in ya yi tari igiya za ta motsa. Garba mahauci ya ɗaga shi har ya kusa wurgi da shi bayan katanga, Yaya ya sauko ya karkaɗe riga ya ce, "Nauyi kam akwai, amma ba ya tauna. Ta ina zan san yana nan?" Hansai ta ce min har tsufa bai daina ratsa bayan rumbu da safe ba, bai daina tsince kitse ba. Sai dai yanzu ya tara shi a gefen akushi ya yi ta kallo, ba akushin da zai jefa. Da la'asar ya ɗauki buzunsa ya zauna inda yake hango fuskar dutsen.

Duk sallah nakan zo, da turmin atamfa da buhun shinkafa. Ko kallon kayan ba ya yi. Ya cafki cikina ya murza, fuskarsa ta washe.

"Tabɗi! Turmi, yanzu ka kai. Gobe mu hau?"

"Yaya, kasuwa. Bari in dawo."

"To. Igiya na nan, ina shafa mata mai."

Da aka aiko min ciwo ya kwantar da shi, na zo ranar wata Juma'a. Yana ganina ya ce a fitar da shi ƙofar gida, a kifa turmi. Hansai ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, da wane ƙarfin?" Ya ce, "Ba ke za ki hau ba." Ni na ɗauke shi a hannu. Na shekara ina saɓa buhuna, ban taɓa ɗaukar abin da ya yi min nauyi irin wannan rashin nauyin ba. Na zaunar da shi a nasa bakin azarar, Hansai na tallafe da bayansa. Na zaga na zauna a nawa, can ƙarshe, kan sartsen nan. Ya tashi sama a hankali, ƙafafunsa na reto, yana leƙen dutsen ta saman katanga.

Daga nan ƙasa na gaya masa komai. Taƙi ɗaya, taƙi biyu, kwanon dawa, duka. Ya bar ni har na gama ina share majina.

"Turmi, ƙiba ta toshe maka kai. Ni na sassaƙa azarar nan. Dubi inda gindin wandonka ya goge ta, har sheƙi take."

Na duba. Wallahi ga wurin nan, sumul, taƙi biyu daga baki.

"To me ya sa ka yi ta ba ni?"

"Da na ce ungo don 'ya'yanka, karɓa za ka yi? Kai da girman kan tsiya? Dawa ba komai ba ce, mun ci mun yi kashinta." Ya juya ya dubi dutsen. "Kakar nan ce dai ta daɗe ba ta zo ba."

Na ce ya yafe min. Ya ce, "Na yafe. Amma kar ka tashi tukuna. Ka ɗan ƙara riƙe ni a nan, ina hango bakin kogo."

Na riƙe shi har aka kira la'asar. Kwana huɗu bayan nan ya cika. Ni na shiga kabari na karɓe shi, na kwantar da shi a 'yar tsagar da aka haƙa daidai jikinsa, ya shige ba gardama.

Azarar tana zaurena yanzu, igiyar na rataye a samanta, ni nake shafa mata mai. Ya Allah, bawanka Sale ya yi rayuwarsa yana gudun nauyi, ya sauke nasa ya ɗora a akushin wasu. Ka tara masa shi duka a mizaninsa ranar awo, ya rinjaya. Ka riƙe shi riƙon da ba a cewa sai bayan kaka. Ni kuma Ka yafe min, Ka sada mu. Amin.