Ranar da Na Yi wa Baffa Sambo Wanka

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana Baffa Sambo ba, ko da yake dole in faɗa tun farko cewa shekaru sun ɗan ja, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Abin da na tabbatar zan faɗe shi kai tsaye, wanda nake shakka kuma zan nuna.

A lokacin ban daɗe da gama karatun harhaɗa magunguna ba. An tura ni wani asibiti a yankin Kazaure in yi aiki ƙarƙashin Dakta Saude, babbar likita mai bincike kan gubar maganin feshi a jikin manoma. Aikina shi ne in bi ta zagayen marasa lafiya, in tambayi wanda gubar ta kama irin maganin da ya taɓa da yadda ya shige shi. Ita kuwa a bakin gado take koyarwa. Takan ce, "Ku fara da hanci da ido, na'ura ta biyo baya." Ni ta raɗa mini suna Malam Wataƙila, domin ko sunana aka tambaye ni sai na ɗan yi jim.

Ƙarshen damina ne, lokacin feshin wake. Da hantsi aka shigo da Baffa Sambo, wani dattijo Bafulatani daga wata ruga ta wajen Gwiwa, an ɗauko shi a babur tsakanin ɗan acaɓa da wani magidanci mai suna Buba. Yawu na dalala daga bakinsa, gumi ya jiƙe masa fuska, ƙirjinsa na ƙugi. Dakta ta buɗe idonsa ta kira ni.

"Bukar, me ka gani?"

"Kamar dai ƙwayar idon ta tsuke, ranki ya daɗe. Wataƙila..."

"Cire wataƙilar. Ta tsuke."

Ga wanda ba aikinsa ba ne, waɗannan alamu ne na wani rukunin maganin ƙwari da ke sa jiki ya yi ta zubo ruwa har ya cika huhu. Akwai allurar da ke tsayar da hakan, atirofin, kuma nan take aka fara ba shi. Amma allura ba ta riƙe mutum in gubar na ci gaba da shiga ta fata.

Dattijon na sanye da farar babbar riga mai ƙamshin turare, har na ɗauka an riga an sauya masa kaya. Da Dakta ta zura abin awon ƙirji ta ƙarƙashi, sai ta janye hannu ta sunsuna safarta. Ashe tsohuwar taguwar gona na nan a ciki, jiƙe sharkaf. Tankin feshin ne ya yi ta yoyo a bayansa tun safe. Da ya faɗi, mutanen gida suka ga bai kamata dattijo ya shiga gari da kayan gona ba, sai suka ɗora masa rigar Juma'a a kai.

"A cire komai, a wanke shi da sabulu yanzu," in ji Dakta.

Baffa bai fita hayyacinsa gaba ɗaya ba. Ya damƙe wuyan rigarsa da hannu biyu, ya ƙi saki. Ma'aikatan jinyar da ke ɗakin duk mata ne, namijin cikinsu na ɗakin tiyata, in ban manta ba. Dakta ta juya ga Buba.

"Kai ɗansa ne?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon bango. "'Yarsa ce a gidana."

Kowa ya gane. Mutumin da ko sunan surukinsa ba ya iya kamawa, ko cin abinci a gabansa, ba zai tuɓe shi ba. Hawaye na zuba a idon Buba amma ƙafarsa ta ƙi motsi. Za mu iya danne dattijon da ƙarfi, sai dai kokawa da mai irin wannan numfashi haɗari ce, kuma ina jin Dakta ba ta son a ceci ransa a zubar masa da mutunci.

Sai ta dube ni, ta dubi zanen da ke kumatuna. Kakannina daga Borno suka zo suka zauna a Babura, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani: kowanne na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba kunya a tsakaninsu. Ta sunkuya daidai kunnen dattijon ta ɗaga murya.

"Baffa, mu duk za mu fita. Ga bawanka Babarbare na bar maka. Ko Bafulatani ya fara jin kunyar bawansa?"

Ya buɗe ido da ƙyar, ya ƙare wa fuskata kallo. Cikin shaƙewar murya ya ce, "Wannan... mai fuskar ƙwarya da aka yi wa zane?"

Ni da ban iya wasa ba ko da sa'o'ina, na ji bakina ya ce, "Ni ne ubangidanka, Baffa. Saki rigar nan, ka ji mini Bafulatani da rowar tsumma."

Wani abu mai kama da dariya ya fito tare da tari. Yatsunsa suka saki.

Aka ja labule. Na sa safar hannu biyu, na yanke taguwar da almakashi na jefa a leda, na wanke shi tun daga gashin kai har tsakanin yatsun ƙafa, na sake. Dakta na bayan labule tana jin numfashinsa, tana faɗin lokacin ƙara allura, tana kuma tsokanata: "Malam Wataƙila, bayan kunne fa! Ko shi ma wataƙila ne?" Zuwa la'asar ƙirjinsa ya fara bushewa.

Ya yi kwanaki a wurinmu. Kullum na shigo zagaye sai ya ce wa na kusa da shi, "Ga bawana nan, ku ba shi wuri, ya iya wanki." Ranar sallama Buba ya daɗe riƙe da hannuna, sannan ya tafi neman babur.

Da na tambayi Dakta inda zan sa wannan a cikin bayanan bincikenmu, ta ce, "Rubuta cewa ta fata gubar ta shiga. Sauran ka riƙe a kanka, za ka buƙace shi." Daga ranar na fahimci cewa sanin guba rabin aikin ne. Sai ka san wa ke jin kunyar wa a cikin waɗanda suka kawo mara lafiya, da wanda zai iya taɓa shi.

Dakta Saude ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yanzu ni ke tsayawa gaban ɗalibai ina lissafa musu alamomin guba a allo, suna kwafa. Duk sanda na zo kan batun cire kaya da wanka, sai in tarar layi ɗaya ne kawai, in ji ina ma tana bayan labule ta ɗaga murya. Na gwada ba da labarin yadda take bayarwa, ba ya fita daidai a bakina.

Don haka ina roƙon duk wanda ke ɗakin nan a ranar, musamman ma'aikatan jinya, in na kauce a wani wuri ya aiko mini da gyara. Ina shakkar ko kalmominta ke nan daidai, kuma ba na son in ɓata su. In kuma akwai wanda ke bi ta rugagen Gwiwa ya san ko Baffa Sambo na raye, ya gaya masa ubangidansa na Babura na gaishe shi. Na san amsar da zai bayar, amma ina son in sake jin ta.