Zanen makokin da Yaya Salamatu ta ɗaura

Watan nan yayata Salamatu ke cika shekara biyar a ƙasa. Mutanen Nima, unguwarmu a Accra, sun san ta, mai waache, wato shinkafa da wake, ta bakin babbar kwatar da muke kira gota, wadda ke ƙara wa yaro shito, soyayyen yajinmu, ko bai roƙa ba. Amma tsoron da zan ba ku labarinsa ya riga mutuwarta zuwa. Tun ina goyon ɗana na fari nake ɗauke da shi.

Muna da guruf na matan layinmu a waya. Don sanarwa aka buɗe shi: wance ta haihu, suna ran Lahadi, wane ya rasu, addu'a ran Juma'a. Ni karatuna bai yi nisa ba, saƙon murya na fi saurara. Sai aka fara turo muryar wani mutum. Ba zan rubuta sunansa ba, don na lura duk wanda ya ambace shi, ko da zagi ne, kasuwa ya ƙara masa. Mu dai malamin waya muke ce masa. Ya taɓa zama a Maamobi, unguwar da ke jikin tamu, yanzu yana wata ƙasa mai sanyi. Kullum da rigar sanyi a ƙarƙashin jallabiyarsa, littattafai jere a bayansa, kuma ban taɓa ganin ɗaya ya gusa daga inda yake ba. Ba ya magana sai da sunan mutum a bakinsa. Yau wani liman, gobe wata mai kitso.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin wayar kanta. In ka kalle shi sau ɗaya, gobe ita za ta kawo maka shi ba ka nema ba, ta haɗa maka da wasu irinsa. Limamin masallacinmu, Malam Garba, mai magana a hankali, ba ta taɓa kawo mini shi ba. Na ce a raina, abin nan mai ihu yake so, kuma wata rana sunayen manya za su ƙare, ya gangaro kan irinmu.

Na faɗa wa Yaya. Ita ƙaramar waya mai maɓalli take riƙewa, irin wadda muke kira yam, ko hoto ba ta nunawa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Fati, ke da tsoro! Mutumin da bai san yadda ake hura gawayi ba, me zai yi mini? Miƙo mini ganyen can, mutane na jira.”

Sai in gaya muku ko wace ce Anti Dede. 'Yar ƙabilar Ga ce, Kirista, ɗakinta na jikin namu a gidan haya. Da mahaifiyarmu ta rasu muna ƙanana, ita ke mana wanka da kitso. Ta ware tukunya ɗaya saboda mu, wadda abin da ba mu ci bai taɓa shiga ba. Da azumi ita ke buga mana ƙofa kada sahur ya wuce mu. Da ta rasu, 'ya'yanta suka zaɓi zanen makoki baƙi da ja, kamar yadda ake yi a nan: iyali su fitar da zane ɗaya, 'yan gida kaɗai ke ɗaura shi. Babbar 'yarta ta kawo wa Yaya nata, ta ce, “Mama ta ce ku ma 'ya'yanta ne.” Ni lokacin cikina na biyu ya tsufa, ban je ba. Yaya ta ɗinka shi har ƙasa, ta yafa mayafinta, ta dafa waache babbar tukunya ta kai. A harabar coci ta zauna a layin 'ya'ya. Da aka fito da akwatin, ta ɗaga hannu tana kuka. A Accra ba a yin makoki ba a ɗauki bidiyo ba. Wani ya yanke wannan ɗan wurin ya aika wa malamin waya.

Ya saka fuskarta ta cika waya, ya zagaye ta da jan layi. Ya faɗi sunanta, da sunan mahaifinmu, da inda take ajiye tebur. Ya ce ta bar addini, abincinta haram ne, in ta mutu kada a sallace ta. Yana murmushi ya ce, “Ku dubi hannun da ke zuba muku abinci.” A guruf ɗinmu na suna da addu'a aka turo shi, mata na rubuta “subhanallahi” a ƙasa, matan da Yaya ta dafa wa abincin sunan 'ya'yansu.

Layin masu sayen abincinta da ke kaiwa har bakin titi da safe ya watse. Masu saye suka koma zagayowa ta baya, ba sa haɗa ido da ita. Samarin da ta ciyar tun suna firamare suka fara tsayawa a gabanta da waya a ɗage. Ɗayansu, Issaka, ya ce, “Hajiyar coci, yau babu naman alade?” Yaya ta ajiye ludayi ta ce, “Issaka, ni na wanke maka kashi ranar da uwarka ke kwance a asibiti. Sauke wayar nan, ka zo ka ci abinci.” Wannan ma ya hau waya. Sun cire maganar, sun bar fuskarta a murtuke.

Ba zama muka yi ba. Mijina ya danna wurin kai ƙara, ya sa abokansa na tashar Circle suka danna. Amsa ta zo da Turanci, ya karanta mini: wai sun duba, ba su ga laifi ba. Ya ce, da irin kiran da ake yi wa aboki a Accra, “Chale, injin da ke dubawa ba ya jin Hausa.” Malam Garba ya yi huɗuba a kai, ya ce rakiyar maƙwabci ba ridda ba ce, kuma fitar da mutum daga addini ba wasan yara ba ne. Lasifikarsa iyakarta bakin gota. Shi kuwa wancan, har 'yan Zongo da ke Turai da Makka suna jin sa. Da labarin huɗubar ya kai masa, sai ya raɗa wa dattijon suna limamin waache, yara suka ɗauka.

Yaya ba ta daina dafawa ba. Takan raba abin da ya yi saura ga 'yan kaya mata, masu dako a kasuwa, ta dawo gida ta ce kasuwa ce, tana hawa tana sauka. Amma ta daina waƙa in tana wanke tukunya. Hawan jini ya kama ta. Bayan 'yan watanni, wata safiya, ta faɗi a gefen murhu. Kafin azahar an ce mana sai haƙuri.

Matan da ke wankan gawa a layinmu suka aiko cewa ba su da lafiya, dukansu, rana ɗaya. Ni da Mma Azumi, tsohuwar da hannunta ke rawa, muka wanke ta. Ban taɓa yi ba, tana faɗa mini ina yi. 'Ya'yan Anti Dede ne suka ɗebo mana ruwa, suna ajiye bokiti a bakin ƙofa suna komawa baya. Da aka fito da ita, Malam Garba ya shiga gaba. Sahun gajere ne. Waɗanda suka tsaya nesa da waya a sama, suna ɗaukar fuskar duk wanda ya shiga sahu, sun fi masu sallar yawa. Kafin a share makoki malamin waya ya fito ya ce Allah ya nuna aya.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. An taɓa rufe shafinsa sau ɗaya, sati bai zagayo ba ya buɗe wani, mabiya suka bi shi har da ƙari. Yanzu yana tallar zuma da turare a tsakiyar wa'azi. Na san da ta ji wannan sai ta yi dariya ta ce, “To ashe shi ma ɗan kasuwa ne, da ya faɗa tun farko.” Issaka ya yi aure, yana gaishe ni a hanya kamar ba a yi komai ba. Wata ce ke sayar da waache a wurin teburinta, layi ya dawo har bakin titi.

Abu ɗaya na ga ya yi aiki, shi ma ƙarami. Magajiyar guruf ɗinmu, Hajiya Memuna, ta kafa doka bayan rasuwar: duk saƙon da ya kama sunan mutum za ta goge shi, wadda ta turo kuma ta je ƙofar mai sunan ta maimaita a gabansa, ko a cire ta. Tun ranar babu wadda ta je ƙofar kowa, saƙonnin kuma suka ɗauke. Amma layi ɗaya ke nan a cikin Nima. Bidiyon yana nan yana yawo.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Rabi. Ita ce 'yar Yaya tilo, tana da shekara bakwai uwarta ta rasu, ni nake riƙe da ita tare da nawa biyun. Na ɓoye mata iya ƙarfina. Ashe wata ƙawarta a makarantar allo ta nuna mata a wayar yayanta. Na fara lura ta daina cin waache. Sai watan jiya, bayan la'asar, na ce mu ɗaga hannu mu yi wa mamanta addu'a kamar yadda muka saba. Ta bar hannunta a cinya.

Ta ce, “Mma Fati, malam ya ce ba a yi wa irinta addu'a.”

Na ce, “Wane malam?”

Ta ce, “Na waya. Mai littattafai.”

Na ce ni na wanke uwarta da hannuna, na ga tabon sallah a goshinta. Ta ce, “Ke ai ba ki yi karatu ba.” Ba da rashin kunya ta faɗa ba, kuka take yi. Ta tambaye ni ko addu'o'in da ta riga ta yi mata a baya za su sa a ƙona ta ita ma. Na kai ta wurin Malam Garba, ta saurare shi da ladabi, muna fitowa ta ce mini a hankali, “Ba shi ne limamin waache ba?”

In na duba abin da ya rage na Yaya, ba yawa. Tukunyarta tana bayan ɗakina. Zanen baƙi da ja yana cikin akwatina, ban ƙona shi ba, ba kuwa zan ƙona ba. Sai yarinyar nan, wadda ke da dariyarta sak, kuma take tsoron ambaton sunanta. Mutumin da bai taɓa cin abincinta ba ya ƙwace mata kasuwa, ya ƙwace mata sahu, yanzu yana ƙwace mata addu'ar 'yarta.

Roƙona biyu ne. In bidiyon yana cikin wayarka, ka goge shi. Kada ka tura wa kowa, ko da don ka ce a dubi zalunci, wayar ba ta bambance mai tsinewa da mai yabo. Sannan ranar Juma'ar ƙarshen watan nan za mu yi mata addu'a bayan la'asar, a gidan da Anti Dede ta zauna, 'yan layi sun san shi. In ka taɓa cin abincinta, in kin taɓa tsayawa kusa da ita a sallar asham, ku zo, waya a aljihu. Ba na neman a ba ni haƙuri. Ku zauna gaban Rabi, kowa ya faɗa mata abu ɗaya da ya gani da idonsa game da uwarta. Ni ta daina yarda da ni. Ku zo ku faɗa mata da bakinku.