Hannun Inna da Man Kaɗanya

Jiya likita ya juya ɗan da ke cikin jikata da hannunsa, don a zaune yake, ga haihuwa ta matso. Na ce, "Ai haka Inna take yi." Wata nas ta yi dariya ta ce, "Hajiya, wannan ilimi ne, ba dagwalgwalon ungozoma ba."

Dagwalgwalo! Yarinyar da ko goyo ba ta taɓa yi ba!

Inna ce ungozomarmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Da cikina na fari ya gicciye, ta kwantar da ni a tabarma, ta murza man kaɗanya a tafinta har ya yi ɗumi. Tana turawa a hankali tana cewa, "Baƙo, ƙofa tana ƙasa, sunkuya." Na ji ya mirgina kamar kifi. In ɗa ya ƙi, ba ta tilasta masa, da ƙafarta take raka mace asibiti.

Abin da ke cin raina, ni da ba a taka ni, jiya shiru na yi wa nas ɗin, saboda jikata tana hannunsu.

Inna, ki yafe mini shirun nan. Allah ya tausasa makwancinki.