Akuyar da muka rataya wa mutumin Droum

Shekarun baya, wata Alhamis da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, mu uku ne zaune a rumfar ƴan sintiri ta Kara-Kara: ni shugabansu, da mataimakina, da abokina mai riƙe da usur. Sai maƙwabta suka kawo wani dattijo da akuya, suna cewa sun kama shi yana kwance ta a gidan wata tsohuwa da ba ta nan.

A lokacin an riga an tara mu a komisariya, ofishin ƴan sanda, an ba mu sabon tsari. Na farko a tambayi mutum. Na biyu a kira mai kaya. Na uku a miƙa shi hannun hukuma, ba duka, ba zagaye. Ni na rubuta shi da hannuna na manna a bango, har ina yi wa mutane faɗa idan sun tsallake.

Dattijon ya ce, "Malam, daga Droum nake. Inna ce ta ce in zo in kai ta kiwo kafin damina. Ta tafi ta'aziyya Gaffati, ku jira ta."

Abokina ya yi dariya. "Baba, kowane ɓarawo yana da Innarsa."

Mutane suka taru suna cewa tun da aka kawo tsarin takarda mun zama mata. Maganar ta shige ni. Na tsallake na biyu da na uku. Muka ɗora wa dattijon akuyar a wuya kamar yadda aka saba a da, muka zaga da shi unguwa ana busa usur, ana ɗaukarsa a salula. Bai yi kuka ba. Hularsa kawai ya roƙa a ɗauko masa da ta faɗi.

Da magariba tsohuwar ta dawo. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ƙanen mijina ne. Shi ke limancin garinsu."

Bayan kwana tara na je Droum neman gafara. Hoton ya riga ni isa. Ya ba ni ruwa, ya ce ya yafe, amma wani ne ya ja mu sallar azahar, shi yana sahun baya. Har ya rasu bai sake shiga gaba ba.

Ina sintiri har yau, takardar tana bango. Ba na iya karanta layi na biyu a gaban mutane.

Idan hoton dattijo da akuya a wuya yana cikin salularka, ka goge shi. Sannan ka kira wanda ya turo maka, ka gaya masa ba ɓarawo ba ne.