Konrod Shida a Kan Tabarma

Ranar wata Talata, saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar, Baba ya sauko daga motar Kano da buhu a kafaɗa, ya zazzage shi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Ƙarafa ne guda tara, sun yi baƙi ƙirin da tsohon mai, kowanne tsawonsa ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsu, da ƙaramin rami a kai ɗaya da babba a ɗayan. Konrod ake ce musu. Su ne ke haɗa fistin da karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, kuma duk ƙarfin da ke tura babbar mota ta kansu yake bi. Motar Baba na tsaye a gefe, an sauke injinta a kan gungume. Mai ne ya ɗauke mata a hanya tana ɗauke da kaya, konrod ɗinta biyu suka lanƙwashe, sauran suka ƙone.

Shekarun nan ba su yi wa kowa daɗi ba. Damina ce, amma ruwa ya ɗauke, geron gonakin da suka kewaye ƙauyenmu na kusa da Ɗanbatta ya tsaya iya gwiwa yana jan baki. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, da rana sai kwaɗon rama. Ni da ƙanwata Ladidi mukan fita da hantsi neman ciyawar awaki a kan iyakokin gona, mu dawo mu bi layin rijiya, inda guga ke fitowa da rabin laka. Sabbin kayan mota kuwa sun ɓace daga shaguna, sai na kwance. Abin da Baba ya dogara a kai shi ne fataken raguna da suka yi masa alkawarin lodi zuwa Kudu ranar Lahadi. Saboda haka ne Malam Ɗanjuma, tsohon amininsa mai sayar da kayan kwance a Kano, ya ba shi tara ya je gida ya zaɓi shida a natse, ya mayar da uku.

Yini biyu Baba ya yi yana zaɓen nan. Ya wanke su da kananzir, ya rataye kowanne da zare, ya buga masa sifana yana kasa kunne. Wanda ya yi ƙara mai tsawo ya ajiye shi dama, wanda ƙarar ta mutu nan take ya sake dubawa. Ya aro sikelin da Inna ke auna ƙulikuli da shi, ya gwada su biyu-biyu, domin in ɗaya ya fi 'yan'uwansa nauyi injin zai yi ta rawa har ya ci kansa. Ya karɓi guntayen allin da nake tsinta in na share aji, ya goga musu. Inda tsaga take, kananzir yakan fito ya zana siririn layi a jikin farin. Haka ya fitar da ɗaya. Wani kuma bakinsa ya yi shuɗi, alamar ya taɓa shan wuta. Na ukun lafiyarsa ƙalau, amma na ƙaramin inji ne. Baffa Isiyaku, ƙanin Baba da suke tafiya tare, ya ce ai ramukan duk ɗaya ne. Baba ya ce, "Rami ɗaya ne, amma ba shi zai hau tudu da raguna ba."

Kowane konrod yana da murfinsa, wani rabin zobe da ake ɗaurewa da noti biyu a babban kan, kuma na wannan ba ya zama a kan wancan ko da ido ya ga sun yi kama. Huɗu suna da lamba a jiki. Biyu lambarsu ta goge, sai Baba ya yi musu alama da alli, ɗaya layi guda, ɗaya layi biyu, a jikin ƙarfen da jikin murfin. Ranar Juma'a ya kwance murafen, ya jera komai a kan tabarma a zaure, suka tafi masallaci.

Mu kuwa muna neman abin da za mu yi murhu da shi a wasan girki. Na ɗauko murafe biyu, waɗanda suka fi kusa da ƙofa, muka kifa su a bayan rumbu, muka ɗora gwangwanin tumatir, muka dafa tuwon ƙasa da miyar ganyen tafasa. Da na ga yashi ya shiga ko'ina, na wanke su da toka da ruwa, na goge da bakin zanina. Sai a lokacin na lura babu alli a jikinsu. Na tsaya ina jujjuya su, ban san wanne ne wanne ba. Na ciro alli daga jakar makaranta, na ja wa ɗaya layi guda, ɗaya layi biyu, na mayar.

Ranar Asabar suka haɗa injin. Da aka ɗaure notuna, karanshaf ya ƙi juyawa. Baba ya kwance, ya duba alamunsa, ya ga suna daidai, ya sake ɗaurewa. Ya kankare nan, ya auna can, har rana ta faɗi. Ina kai musu ruwa ina dawowa, ina ɓoye abin da na yi. Ranar Lahadi fataken suka zo, suka zauna a inuwa har azahar, sannan suka yi sallama suka je suka nemi wata mota. Baffa ya ce a gaban mutanen da suka taru Malam Ɗanjuma ne ya haɗa masa kayan banza, ya san abin da ya zuba a buhun. Baba bai musa ba.

Da safiyar Litinin ya mayar da ƙarafan cikin buhu, ya sa babbar riga, ya nufi bakin titi. Na san inda za shi da abin da zai je ya faɗa. Na bi shi a guje, na same shi tsaye yana jiran mota.

"Baba, ni ce na ɗauki murafen. Na wanke su, allin ya goge, na sake zanawa."

Ya sauke buhun. "Guda nawa?"

"Biyu."

Ya saɓi buhun muka koma. A zaure ya ɗaura murfin kamar yadda na zana, ya kama ɗan yatsana ya bi da farcena ta cikin ramin. Na ji ya sarƙe a wurin haɗin. Ya musanya su, ya ce in sake. Farcen ya wuce sumul. Kafin la'asar karanshaf na juyawa da hannu ɗaya. Da yamma, a dakalin da maza ke zama, Baba ya ce wa Baffa kowa na ji, "Kayan Malam Ɗanjuma ba su da laifi. Kuskuren daga gidana ne." Bai ambaci sunana ba.

Bai samu wani lodin ba sai bayan Sallah. A shekarar ba mu yi layya ba. Naman da maƙwabta suka aiko Inna ta soya, na ci tsoka ɗaya na kasa ƙarawa. Injin kuwa ya yi shekaru yana aiki ba a sake buɗe shi ba.

Yanzu ɗana ne ke da motoci. In inji ya lalace, waya yake ɗauka ya faɗi lamba, a aiko masa da shida a kwali, ba ya ma buɗewa. Ban ce hakan bai fi sauƙi ba. Gonakin nan an yanka su filaye, zauren ma an rushe an yi shago. Baba ya rayu har ya ga jikokinsa, muka sha hira a kan abubuwa da yawa, amma bai taɓa ta da zancen wannan Sallar ba. Ni ma ina ta jiran ranar da ta dace in gode masa, har aka kai shi makwancinsa.